Kwamfutocin da Ba a Gani: Yadda Ake Tsara Ƙananan Na'urori Masu Magana da Juna



Da an ce kwamfuta, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne akwati a kan tebur, ga allo, ga wani a zaune yana danne-danne. Alhali mafi yawan kwamfutocin da ake ƙerawa a duniya yau ba su da allo, ba kuma wanda ke zama gabansu. Suna cikin mitar wuta, suna cikin injin mota, suna cikin na'urar POS da ke hannun mai shago da invatar da ke ɗaki. Kowacce ƙaramar ƙwaƙwalwa ce da aka dasa domin aiki guda, kuma yanzu ana so su riƙa aika wa juna saƙo. Yadda ake tsara wannan haɗi shi ne maganar yau, domin shawarar da injiniya ya yanke a ranar zane takan bi mutane shekara 20 ko 30.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara tsara wannan tunani a fili shi ne Mark Weiser na cibiyar bincike ta Xerox PARC da ke Kalifoniya a Amurka. A watan Satumban 1991 ya wallafa maƙala a mujallar Scientific American, inda ya yi hasashen cewa kwamfuta za ta bar kan tebur ta watsu cikin kayan yau da kullum har a daina lura da ita. Shi da abokan aikinsa ba su tsaya a magana ba. Sun ƙera na'urori iri uku: ta aljihu, da mai girman takarda, da mai girman allon aji, duka a haɗe. A daidai lokacin, a Kambirij ta Ingila, ma'aikatan ɗakin binciken Olivetti suna rataya wani baji da ke aika alamar haske bayan kowane 'yan daƙiƙu, ginin ya san ɗakin da kowa yake, a tura masa kiran waya can. Tun a ranar aka fara tambayar da har yau ba a gama amsawa ba: wa ke da ikon ganin inda mutum ya shiga da inda ya fita? A Japan kuwa, Farfesa Ken Sakamura na Jami'ar Tokyo ya riga su farawa a 1984 da shirin TRON, wanda manhajarsa ta shiga motoci da kyamarori da wayoyin kamfanonin ƙasar. Weiser ya rasu a 1999, shekarar da Kevin Ashton ya raɗa wa fannin sunan da aka fi saninsa da shi yau, intanet ɗin kayayyaki.

Kwamfutar tebur 'yar gata ce. Tana da wuta daga bango, da wadatacciyar ma'adana, da mutum a kusa da zai kashe ta ya sake kunnawa idan ta sandare. Ƙaramar na'ura ba ta da ko ɗaya, kuma duk fasahar tsara ta daga wannan rashi ta samo asali.

Wani tsibiri mai suna Great Duck a gaɓar jihar Maine ya nuna haka ƙarara. A can wasu tsuntsayen teku suke haƙa ramuka su yi ƙwai a ƙarƙashin ƙasa. Mai bincike idan yana son sanin halin da suke ciki sai ya zura hannu cikin rami, wanda hakan ke firgita tsuntsun, wani lokaci har ya gudu ya bar ƙwan. A shekarar 2002 masana daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da kamfanin Intel suka dasa ƙananan na'urori sama da 30 a ciki da bakin ramukan, masu auna zafi da laima da haske. Kowacce na aiki da batir biyu irin na rediyo, ma'adanar aikinta kilobayit 4 kacal, wadda ba za ta ɗauki ko hoton fasfo ɗaya ba. Manhajar da ke tafiyar da su, TinyOS, a Berkeley aka rubuta ta musamman domin irin wannan ƙunci.

Tsarin da suka yi hawa-hawa ne. Na'urorin ramuka suna aika abin da suka auna zuwa wata na'ura ta tsakiya mai ƙarfin eriya, ita kuma ta miƙa wa kwamfutar da ke wani gini a tsibirin mai aiki da hasken rana, daga nan tauraron ɗan Adam ya ɗauka, masu bincike su karanta suna zaune a ofisoshinsu. Wannan fasali na ƙanana a ƙasa, mai tattarawa a tsakiya, babbar ma'adana a nesa, shi ake bi har yau a gonaki da masana'antu. Sai dai da yawa daga na'urorin sun mutu kafin lokaci, kuma ba lissafi ne ya kashe su ba. Ruwa da raɓa ne suka shige su. Injiniyan da zai dasa irinsu a Hadeja ko Maraɗi ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani, domin shi kuma yana da zafin bazara da ƙurar hunturu suna jiransa.

Maganar batir lissafi ne mai sauƙi. Batirin rediyo mai kyau yana ɗauke da kusan miliamfa 2,500 na awa. Na'urar da ke jan miliamfa 20 idan rediyonta na kunne za ta cinye shi cikin awa 125, kwana biyar da ɗoriya. Amma idan ta yi barci kashi 99 cikin 100 na lokacinta, ta farka ta auna ta aika ta koma, batirin zai wuce shekara. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne sauraro ma yana cin wuta kusan yadda aikawa ke ci. Saboda haka dole na'urori su daidaita agogonsu su farka tare, in ba haka ba ɗaya ta yi magana ɗayar tana barci.

Sai batun harshen da za su yi magana da shi. An daɗe ana ganin ƙa'idojin intanet sun yi wa ƙaramar na'ura nauyi, har sai da wani matashin mai bincike a Suwidin, Adam Dunkels, ya rubuta uIP a farkon shekarun 2000, ya nuna ana iya matse su cikin 'yan kilobayit. Duk da haka matsala ta rage. Rediyon da aka tsara wa irin waɗannan na'urori a 2003 yana ɗaukar bayit 127 ne a saƙo ɗaya, sabon tsarin adireshin intanet na IPv6 kuwa yana buƙatar hanyar da za ta iya ɗaukar 1,280. A 2007 aka fitar da 6LoWPAN, dabarar taƙaita kan saƙo da yanka shi gunduwa-gunduwa. Inda kuma nisa ya yi yawa, akwai LoRa da aka ƙirƙiro a Faransa, mai kai ɗan saƙo kilomitoci da dama da wuta kaɗan, muddin ba a nemi ya ɗauki murya ko hoto ba.

A 1999 injiniyoyi biyu, Andy Stanford-Clark na IBM da Arlen Nipper, suna neman hanyar sa ido a kan bututun mai ta tauraron ɗan Adam, inda kowane bayit kuɗi ne. Suka tsara MQTT. Aikinsa irin na dillali ne a kasuwar hatsi: mai kaya ya kawo ya ajiye wurinsa, mai buƙata ya riga ya gaya masa irin abin da yake nema, ba sai mai kaya da mai saye sun san juna ba. Na'urar da ke auna matsin mai ta aika ta koma barci. Ko mutum ɗaya ke son labarin ko dubu, ba damuwarta ba ce.

Babbar tambaya a duk wannan zane ita ce, ina za a ajiye hukunci? A cikin na'urar kanta, ko a kwamfutocin kamfani da ke wata ƙasa? Kamfanoni sun fi son na biyu, don ya fi sauƙin gyara kuma yana ɗaure mai saye. Ga sakamakonsa. Revolv wata na'ura ce mai sarrafa fitilu da makullan gida, ana sayar da ita kusan dala 300 a Amurka. Kamfanin Nest ya saye masu yin ta, a watan Mayun 2016 ya rufe kwamfutocin da take dogara da su. Na'urar lafiyarta ƙalau, ba abin da ya ƙone, amma daga ranar ta zama kwandon roba.

A kwatanta ta da mitar kati da ke bangon gidaje a Kano da Kaduna. Tsarinta, wanda ake kira STS, an fito da shi ne a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1990, domin kai wuta unguwannin da ba layin waya. Masu zanen sun ɗauka tun farko cewa mita ba za ta taɓa samun sabis ba. Sai suka ƙunshe komai cikin lambobi 20: yawan wutar da aka saya, a kulle da mabuɗin sirri wanda mitar gidan kaɗai ke iya buɗewa. Mutum ya saya a shago ko ta waya, ya zo ya danna da yatsansa, wuta ta shiga. Ɗan Adam ne ya zama wayar sadarwa, kuma ko sabis ya ɗauke mako guda mita ba ta sani ba. Wannan zane ne na mutanen da suka san ƙasar da suke yi wa aiki, kuma ya cancanci yabo.

Amma a cikinsa akwai wani wa'adi da aka binne. Don kada a danna kati ɗaya sau biyu, kowane kati yana ɗauke da lambar mintin da aka sayar da shi, ana ƙirgawa daga 1 ga Janairun 1993. Gurbin da aka ware wa wannan lamba bit 24 ne, wato minti 16,777,216, ƙasa kaɗan da shekara 32. Ƙirgen ya cika ranar 24 ga Nuwamban 2024. Mitar da ba a sabunta ba za ta ɗauki sabon kati a matsayin tsoho ta ƙi karɓa. Kuma tunda ba ta da sabis, ba yadda za a yi a gyara ta daga ofis. Sai ya zama dole kowane gida mai irin wannan mita a Najeriya da Afirka ta Kudu da sauran ƙasashen da ke bin tsarin ya karɓi wasu lambobi na musamman guda biyu daga kamfanin rarraba wuta, ya danna su bi da bi kafin ya sa katinsa. A Afirka ta Kudu an ga dogayen layuka a ofisoshin wuta a kwanakin ƙarshe. Abin da ya ba mitar ƙarfi, wato zaman kanta, shi ne ya sa gyaranta ya zama aikin miliyoyin hannaye. Sabon ƙirgen ya fara daga 2014, zai cika a 2045, kuma ɗalibanmu na yanzu su ne injiniyoyin da abin zai tarar.

To idan an haɗa na'ura da intanet don a iya gyara ta daga nesa fa? Ƙofar da mai gyara zai shiga, ta nan ɓarawo ma zai shiga. A 2015 masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun shiga wata mota ƙirar Jeep Cherokee ta na'urar rediyonta mai haɗe da layin waya, suka kai ga sarrafa injin tana kan titi. Hanyar sadarwar cikin mota, wadda Bosch ya fitar a 1986, an tsara ta ne a kan cewa duk wanda ke ciki na gida ne, ba ta tambayar wa ya aiko saƙo. Kamfanin da ya ƙera motar ya janye motoci miliyan 1.4. Shekara ɗaya bayan haka wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sa wa kyamarorin tsaro da na'urorin rarraba intanet, waɗanda masu saye ba su taɓa canzawa ba. Ta tara ɗaruruwan dubban na'urori, ranar 21 ga Oktoban 2016 aka afka da su kan kamfanin Dyn da manyan shafuka ke dogara da shi, Twitter da Netflix da wasu manyan shafuka suka gagara buɗuwa a sassan Amurka na tsawon sa'o'i. Masu kyamarorin ba su ma san an yi aiki da su ba. Sai a Afrilun 2024 dokar Birtaniya ta fara aiki, wadda ta hana sayar da irin waɗannan kaya da kalmar sirri ta bai-ɗaya, ta kuma tilasta wa mai ƙerawa ya faɗi tsawon shekarun da zai ci gaba da toshe ɓarakarsu. Kyamarori irin waɗannan suna nan jibge a kasuwanninmu, ana saye ana kafawa a shaguna da makarantu da kalmar sirrin da suka zo da ita.

Akwai kuma tambayar mallaka. Kamfanoni irin su M-KOPA na Kenya suna ba da sola bashi, da layin waya a cikinta, mutum yana biya kaɗan-kaɗan, idan ya makara a kashe ta daga nesa. Wannan ya kai haske gidajen da da ba za su iya saye ba. Amma wajibi ne zanen ya tabbatar cewa ranar da aka gama biya na'urar ta buɗe har abada, ko da kamfanin ya rufe gobe.

Ga ɗalibanmu na injiniyanci da kimiyyar kwamfuta: allon Arduino ko ESP32 bai fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba idan aka haɗa kuɗi mutum uku. A ƙera abin auna ruwan rijiyar burtsatse ko zafin rumbun magani, sannan a fitar da shi daga ɗakin gwaji a bar shi a waje tun daga Maris har damina ta sauka, a cire masa sabis da gangan a ga ko zai riƙe bayanansa. Jami'an da ke sayen mitoci da kyamarori da fitilun titi da kuɗin jama'a kuma, don Allah kafin a sa hannu a kwangila a tambayi mai kawo kaya a rubuce: me na'urar za ta yi idan sabis ya ɗauke, wa zai sabunta manhajarta kuma har shekara nawa, sannan a wace ƙasa bayanan mutanenmu za su kwana. Wanda ya kasa amsawa, kada a sayi kayansa.