Inda Hanyar Subhas Bose Ta Haɗu Da Ta Kakanninmu

 

An umurce ni in yi magana a kan tarihi, ni kuwa na zaɓi tafiye-tafiyen wani mutumin Indiya, Subhas Chandra Bose. Dalilina shi ne, a ƙarshen tafiyar tasa sojojinsa sun yi arba da kakanninmu.

Bose ya shugabanci jam'iyyar Congress a 1938 da 1939, amma suka saɓa da Gandhi, domin shi yana ganin Ingila ba za ta fita sai da ƙarfi. A watan Janairu na 1941 ya sulale daga gidansa na Kalkata, inda aka yi masa ɗaurin talala, cikin shigar Musulmi, da sunan Muhammad Ziya'uddin. Ya shiga jirgin ƙasa zuwa Feshawar, ya tsallaka Kabul yana kwaikwayon bebe don kada harshe ya tona shi. A nan ya sami fasfo ɗin Italiya, ya bi ta Mosko, ya isa Balin a watan Afrilu.

Ya gana da Hitila a 1942, amma bai sami abin da yake nema ba. A watan Fabrairu na 1943 ya bar Jamus cikin jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku, suka kewayo Afirka, har kusa da Madagaska, inda ya koma na Japan. A Singafo ya karɓi rundunar Indiyawa, akasarinsu fursunonin yaƙi, kuma ranar 21 ga Oktoba ya kafa gwamnatin wucin gadi. Farkon 1944 ya koma Rangun, a ƙasar Bama.

To, jama'a, a nan zancen ya zo gida. A 1943 ɗin nan Turawa suka kai runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma Indiya, ta 82 ta biyo baya a 1944. Cikinsu akwai 'yan Arewa da yawa, Hausa kuma ita ce harshen bariki. A kwarin Kaladan, a 1944, wata bataliyar Bose ta gwabza da runduna ta 81. Ku duba wannan al'amari: mutum biyu, duk Ingila ke mulkinsu, suna harbin juna a ƙasar da ba tasu ba. Sunan barikin Chindit na Zariya da na Myohaung na Legas duk daga wannan yaƙi suka samo asali.

A ganina Bose jarumi ne, amma ya yi kuskuren majingina. In da kura na maganin zawo, da ta yi wa kanta. Wanda ya danne Koriya da Sin ba shi zai raba 'yanci ba. An fatattake su a Imfal da Kohima, shi kuma ya rasu sakamakon haɗarin jirgin sama a Taiwan ranar 18 ga Agusta, 1945. Sai dai shari'ar da aka yi wa hafsoshinsa a Delhi ta tayar da jama'a, Indiya kuma ta sami 'yanci a 1947.

Indiyawa sun bi sawun Bose tasha-tasha, gidansa na Kalkata ma ya zama gidan tarihi. Mu fa? Mazan jiyan da suka je Bama sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu ma sun manyanta. Saboda haka nake roƙon wannan ƙungiya ta kafa kwamiti, tare da malaman tarihi, a bi gidajen Kwaciri da Fagge da Sabon Gari. Inda aka sami lambar yabo ko takardar sallama ko hoto, a ɗauki hotonsa, a rubuta abin da iyali suka ji daga bakin mai shi, a ajiye a laburaren makarantarmu kafin gara ta riga mu.