Kututturen da muke ƙonewa a gona



Yawancinmu manoma ne, ba sai an gaya mana damina ta canja hali ba. Mu yi shuka, ruwa ya ɗauke mako uku, mu koma neman iri. Wata shekara kuma ya zo da yawa, kamar 2022 da ambaliya ta cinye gonaki a Jigawa. Muna addu'ar roƙon ruwa, daidai ne kuwa. Amma mu tuna, a Farawa sura 41, da Allah ya nuna shekarun yunwa, Yusufu hatsi ya tara, kashi ɗaya cikin biyar.

A ƙasar Maradi, a 1983, wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa. Sai ya lura 'yan tsirran da ake sarewa lokacin sharar gona kututture ne masu rai, saiwarsu tana can ƙasa. Aikin ba wuya: a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi, biyu ko uku, a datse sauran, a kāre shi daga wuta da awaki. Sassabin zamani ke nan. Da farko dariya aka yi masa, sai yunwar 1984 ta sa mutane suka gwada. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo haka a Nijar sun kai hekta miliyan 5.

Mun san gawo. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Kalgo da sabara suna rage iskar da ke binne shuka da yashi. Iyayenmu mata su faɗi nisan da suke zuwa neman itace yanzu. Duk da haka mu ne muke cinna wa kututturen wuta kowace bazara, wai gona ta yi tsabta.

Muna roƙon dattawa a fara da gonar ikilisiya, kafin shara ta bana. Sai dai ba mu da yawa a garuruwanmu, itacen da muka bari wani zai iya sare shi da dare. Don haka a je wurin mai gari, a zauna da maƙwabtanmu Musulmi da makiyaya, a yarda a kan wanda ke da ikon yanke reshe, da kuma lokacin da dabbobi za su shiga gona.