Ranar da aji ya yi tsit

Tun 1987 Japan ke ɗaukar matasa daga ƙasashen waje a shirin JET, galibi domin su taya malaman makarantun gwamnati koyar da Turanci. Akwai ranar da aikin ke zame wa mutum ƙarfen ƙafa.

Ka shiga aji da fara'a, ka jefa tambaya, yara sama da talatin su sunkuyar da kai, ko tari babu. Yawanci kunyar yin kuskure a gaban 'yan'uwa ce ke ɗaure musu baki, amma baƙo sai ya ɗauka raini ne. Ya koma ofishin malamai rai a ɓace, ga kowa na hira da harshen da ba ya ji.

Ni dai a ganina, kada ya zauna yana saƙa da warwara. A can ɗalibai ne ke share azuzuwansu da kansu, to ya ɗauki tsintsiya ya bi sahu. Yarinyar da ta kasa cewa uffan da safe, tana goge taga da tsumma sai ka ji ta tambaye shi sunan tsintsiya da Turanci. Da yamma kuma ya nufi gidan wankan ruwan zafi na unguwa. Kiran gida ya dakata sai ya huce, kada ya tayar wa iyaye hankali.