Mil Takwas a Gaɓar Na Pali



Sakataren ƙungiya ya roƙe mu, mu ukun nan da aka tura karatun wata shida a Honolulu cikin shirin musayar ɗalibai, mu ba da labarin abin da muka gano. Da muka zauna shawara, sai muka ga labarin aji da ɗakin karatu kusan ɗaya ne ko'ina. Saboda haka muka zaɓi yini guda tak, watau ranar da muka bi turbar Kalalau zuwa matsirgar ruwa ta Hanakapi'ai cikin watan Maris na 2023, muka kuwa kusa baro ɗayanmu a can.

Bari mu fara kwatanta muku wurin. Jihar Hawai ta Amurka tsibirai ce a tsakiyar tekun Fasifik, ɗaya daga cikinsu shi ne Kawa'i. A arewa maso yammacin wannan tsibiri akwai wata gaɓa da ake kira Na Pali, ma'anarta a harshen mutanen wurin ita ce duwatsu masu gangare. Sunan ya dace da ita. Tsaunuka ne koraye shar, waɗansu sun kai ƙafa 4,000, sun miƙe tsaye daga cikin teku kamar an yanke su da wuƙa, tsakaninsu kuwa kwaruruka masu zurfi. Babu hanyar mota ko ɗaya. Mai son shiga sai dai ta jirgin ruwa, ko kuwa da ƙafa ta turbar Kalalau, mai tsawon mil 11 daga bakin tekun Ke'e zuwa kwarin Kalalau.

Kwarin nan yana da tarihi. Wani mutum mai suna Ko'olau ya kamu da kuturta, hukuma ta ce a kai shi zangon kutare na tsibirin Moloka'i, a raba shi da iyalinsa. Ya ƙi. Ya shige Kalalau da matarsa Pi'ilani da ɗansu, a 1893, shekarar da aka tumɓuke Sarauniya Lili'uokalani, aka turo sojoji har da igwa, suka kasa kama shi. A can ya rasu. Wanda ya ga wuyar ƙasar ba zai yi mamakin yadda ta gagari soja ba.

Mu dai ba mu yi niyyar kaiwa Kalalau ba, domin wannan sai da takardar izinin kwana. Abin da aka yarda wa mai yini guda shi ne mil 2 zuwa bakin tekun Hanakapi'ai, sa'an nan mil 2 cikin kwari zuwa matsirgar. Zuwa da dawowa mil 8 ke nan. Muka yi dariya. Wanne ne cikinmu bai taɓa taka mil 8 zuwa kasuwar ƙauye ba?

A nan akwai abin da muke so 'yan'uwanmu ma'aikatan gwamnati su lura da shi. A ranakun 14 da 15 ga Afrilu 2018 aka yi ruwan sama a wannan yanki wanda ma'auni ya nuna inci 49.69 cikin sa'a 24, fiye da abin da Katsina ko Sakkwato ke samu a damina guda. Ƙasa ta zaftare, ta toshe hanyar mota, aka rufe turbar fiye da shekara. Da aka buɗe cikin Yuni 2019, ba a koma gidan jiya ba. A da mutum wajen 3,000 ke tururuwa kullum. Sai aka ƙayyade 900, kowane baƙo ya yi rajista tun da wuri, aka kuma sa motocin da ke ɗauko mutane daga wajen garin Hanalei. Mutanen yankin suna da hannu a tafiyar da wurin, sun kuma farfaɗo da gonakin gwaza na kakanninsu a bakin shiga. A ganinmu tsari ne mai kyau, ko da yake tikitin motar nan shi ya kusa ja mana masifa, kamar yadda za ku ji.

Muka kama hanya da hantsi. Tun daga takun farko hawa ne, bisa duwatsun da aka jera, da saiwoyin itatuwa, da wani jan taɓo mai santsi kamar an zuba miyar kuɓewa. Teku tana hannun dama, can ƙasa, turbar kuwa a waɗansu wurare ba ta fi mutum ɗaya wucewa ba. Mil biyun nan sun ci mana awa ɗaya da rabi. Dariya ta ƙare.

Gab da bakin tekun Hanakapi'ai sai ga rafi ya gitta hanya. Babu gada. A lokacin ruwan garau yake, bai wuce ƙauri ba, muka bi ta kan duwatsu muka haye muna hira. Ko waiwayensa ba mu yi ba. Hankalinmu yana kan tekun, wadda aka gargaɗe mu kada mu kuskura mu shiga, domin igiyar ruwan tana jan mutum waje, ta kuma ci rayuka da yawa. Rairayin ma ba mu same shi ba, gama a watannin sanyi teku takan kwashe shi, ta bar manyan duwatsu, sai bazara ta mayar.

Daga nan muka juya wa teku baya muka shiga kwari. Ga kurmin gora, ga gwaiba da mangwaro sun zama na daji, ga itatuwan kofi, ragowar gonar da aka yi a ƙarni na 19. Turbar tana ƙetare rafin sau da dama, rabin mil na ƙarshe kuwa da hannu da ƙafa ake binsa. Bayan azahar muka isa.

Jama'a, gani ya kori ji. Ruwa ne ke zubowa daga wajen ƙafa 300, kamar sau uku na tsayin Gurara, ko da yake bai kama ƙafarta a faɗi ba. Dutsen baƙi ne, tsire-tsire sun lulluɓe shi, ƙasa kuma tafki mai sanyin da ke shiga ƙashi. Ba mu sha ba, domin an ce ruwan rafukan nan yakan ɗauko cuta daga fitsarin ɓeraye da aladun daji. Muka zauna muka ci burodi da dabino.

Muna zaune sai muka ga abu biyu. Kan tsaunin ya ɓace cikin gajimare, ruwan matsirgar kuma ya fara sake launi, daga fari zuwa ruwan ƙasa. A inda muke yayyafi kawai ake yi. Amma kowa a zauren nan ya san yadda ƙorama takan kawo a damina alhali ko ɗigo bai sauka a garinku ba. Bayan waɗannan duwatsu tudu ne mai fadama, can gaba kuma Dutsen Wai'ale'ale, inda ake samun ruwa wajen inci 450 a shekara. Abin da ya zuba a sama, ta kwaruruka zai sauko.

Muka tattara muka juyo da sauri. Mashigi na farko ruwa a gwiwa, na gaba a cinya. Da muka iso babban mashigin nan na bakin teku wajen la'asar, ba mu gane shi ba. Duwatsun da muka taka da safe sun nutse. Ruwan ya zama ja, yana tafe da rassa, ana jin manyan duwatsu suna gungurawa a ƙarƙashi. Taku kaɗan daga nan kuwa yana faɗawa cikin tekun da aka hana mu shiga. Mutum goma sha wani abu muka tarar cirko-cirko.

Ɗayanmu ɗan Yawuri ne, a bakin Neja ya tashi, ya kuma iya ruwa ƙwarai. Ya dubi agogo ya ce motar ƙarshe za ta bar mu, jirginmu na komawa Honolulu da sassafe ne, kuɗin wani tikiti kuwa babu. Duk gaskiya ya faɗa. Ya ce faɗin bai fi taku goma ba, shi zai fara hayewa ya miƙo mana sanda. Har ya ɗaure jakarsa a ka. Babbanmu ya riƙe masa hannu ya ce, "Malam, in ka tafi, me za mu gaya wa Inna?" Suka yi ta musu, rai ya ɓaci, wayoyinmu kuma babu mai kama layi.

Wata dattijuwa 'yar tsibirin ce ta raba gardamar. Ba ta yi dogon bayani ba. Ta kafa tsinke daidai bakin ruwan, ta ce a duba shi bayan minti goma sha biyar. Da lokacin ya cika, tsinken ya nutse. Ta ce rafin nan yadda yake saurin cika haka yake saurin janyewa, kuma waɗanda ya ci, yawanci masu sauri ne. Ta tuna mana cewa a Afrilu 2014 mutum 121 suka maƙale a nan, 'yan kwana-kwana suka kwashe su da jirgi mai saukar ungulu. Ɗan Yawuri ya sauke jakarsa, ya koma gefe ya zauna, bai ce wa kowa uffan ba.

Awa uku da wani abu muka yi muna kafa tsinke. Sanyi ya kama mu, dabino ya ƙare, sauro ya samu abinci. Na huɗu ne ya fara tsayawa a busasshe. Gab da magariba kawunan duwatsu suka fito, ruwan ya koma gwiwa. Muka kwance maɗaurin jakunkuna kamar yadda ta nuna mana, don kada jaka ta danne mutum in ya faɗi, muka haye ɗaya bayan ɗaya, kowa yana fuskantar inda ruwan ke fitowa. Ɗan Yawuri shi ya tsaya a tsakiya yana tallafar mutane har na ƙarshe ya wuce.

Mil biyun da suka rage cikin duhu muka yi su, da fitilar waya guda, muna jin teku a hannun hagu ba ma ganinta. Mota ta daɗe da tafiya. Waɗansu daga cikin waɗanda muka maƙale tare suka rage mana hanya a bayan a-kori-kura har Hanalei, jirgin safe kuma muka same shi da kyar, da taɓo har wuya. Takalman da muka sa ran nan suna nan a ɗakin kwananmu, jan ƙasar ta ƙi fita, mai son gani ya biyo mu bayan taro.

Shugaba, mun ga kana duban agogo.