Sunan Wa Za a Sa a Takardar?



Yau tambaya ɗaya nake tafe da ita. Ɗalibi ko malamin jami'a ya shigo Doguwa ko Tudun Wada, ya zauna da mai maganin gargajiya a gefen dajin Falgore, dattijo ya nuna masa saiwa, ya gaya masa yadda ake jiƙa ta. Idan bincike ya fito, sunan wa za a sa?

Galibi dai sunan mai biro. Kuma na san dalili: wajen ƙarin girma a jami'a, wanda sunansa ke gaba ko yake shi kaɗai ya fi samun maki. To amma fa an taɓa yin akasin haka a ƙasar nan. Maganin sikila mai suna Niprisan, cibiyar NIPRD ta Abuja ce ta yi aikinsa ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, amma asalin haɗin na wani mai maganin gargajiya ne, Rabaran Paul Ogunyale. Da Amurka ta ba da takardar mallakar fasaha a 1998, sunansa na cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi. Mene ne a ciki? Har da masoro da kanumfari da karan dafi, kayan kasuwar Kwanar Dangora!

Ni a ganina, iyayenmu masu magani, kafin ku buɗe baki ku tambaya: sunana zai shiga? A rubuce, da shaida.

Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.