Gonar Da Ba Ta Hutawa: Haƙƙin Malami A Kan Kansa

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, malami mai ritaya, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai

 

Shugaban taro, shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Ina kuma gode wa kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni damar tsayawa a gaban mutanen da suka koya mini riƙe alƙalami. An nemi in yi magana a kan lafiyar malami da kwanciyar hankalinsa. Ni dai ba likita ba ne, amma alli ya ci hannuna shekara 35 tsakanin Funtua da Malumfashi da ƙauyukan da ke kewaye da su, kuma Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bari in fara da abin da muka fi sani, wato noma. Kusan duk wanda ke zaune a nan ɗan manomi ne. Albarkar auduga ce ta sa aka kafa injin gurza a Funtua da Malumfashi, kuma manyanmu suna tune da shekarar 1975, lokacin da aka buɗe shirin aikin gona na Funtua da taimakon Bankin Duniya, takin zamani da irin masara suka bazu a ƙasar nan. Saboda haka kowa a cikinmu ya san halin gonar da aka yi ta nomawa shekara da shekaru, babu taki babu hutu. Ƙasarta takan yi fari, dawa ta tsumbure, ƙuduji ya mamaye ko'ina. Manomi mai hankali ba ya tsayawa yana zagin irin wannan gona. Taki zai kai mata, ko ya sauya shuka ya zuba wake ko gyaɗa, ko ya bar ta saura ta huta. To jama'a, malami ma gona ne, kowace safiya ana girbi a jikinsa. Abin da na zo tambaya a yau shi ne, wa yake kai masa taki?

Na fara koyarwa a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Waɗanda suka yi aiki a wancan zamani sun san yadda kaya suka yi ta tsada bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, ga albashi ya kan yi jinkiri. Sai ya zamana da an kaɗa ƙararrawar tashi, in hau keke in nufi gona, da dare kuma in zauna gaban fitilar ƙwai ina duba littattafan yara kusan 80 na aji guda. A lokacin ina ɗaukar wannan a matsayin jarunta, har ina yi wa abokan aiki dariya idan suka ce sun gaji.

Wata rana da kaka, ina cikin darasi a aji uku, sai na hangi wani yaro a bencin baya ya kifa kai yana barci. Daren jiya ban runtsa ba, kuma da safe na fito gida ban bar kuɗin cefane ba. Ban tambaye shi komai ba, na ɗauki tsumagiya na yi ta zabga masa har ta karye. Yaron bai yi kuka ba, kallona kawai yake yi. Sai bayan an tashi monita ya same ni a keɓe, ya ce, "Malam, babansa ne kwance a asibiti. Da yamma yana zuwa cirar auduga a gonakin mutane don ya sami kuɗin magani, da dare kuma shi ke kwana wurinsa." Washegari yaron bai zo ba, har aka yi hutu bai dawo ba.

Daga ranar sai na juya bulalar a kaina. Kullum ina ce wa zuciyata ni azzalumi ne, ban cancanci a kira ni malam ba. Na ɗauka wannan zargin kai zai gyara ni, ashe ƙara lalata ni yake yi. Barci ya ƙaurace mini, fushi ya ƙaru, iyalina suka koma tafiya da sanɗa idan ina gida. Ana nan wata rana jiri ya kwashe ni a ɗakin malamai, aka kai ni asibiti, likita ya ce hawan jini ne, alhali ko shekara 40 ban kai ba.

Cikin masu zuwa dubiya har da tsohon malaminmu na lissafi, wanda da yawa daga cikinku kun sha hannunsa, Allah Ya jiƙansa da rahama. Da ɗaki ya rage mu biyu, na kwashe labarin yaron nan na gaya masa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da ka ci abinci a zaune? Yaushe rabonka da ka yi salla ka san surar da ka karanta?" Na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ban iya tunawa." Ya ce, "To ka ji. Haƙƙin yaron nan bashi ne a wuyanka, in ka warke ka je ka biya. Amma dukan da kake yi wa kanka ko kwabo ba ya ragewa daga bashin. Ƙarfin da za ka kula da sauran yaran kawai yake cinyewa."

Da na sami sauƙi na je ƙauyensu, na tarar mahaifin ya rasu. Na roƙi yaron gafara a gaban mahaifiyarsa, ya ce ya yafe. Amma bai koma makaranta ba, domin shi ne babba a gidan. Wannan abu yana nan a zuciyata har gobe, kuma shi ya sa na karɓi gayyatar nan.

Daga baya, da na shiga karance-karance, sai na tarar abin da ya same ni sananne ne a wurin masana halayyar ɗan Adam. Tun a 1974 wani masani a Amurka mai suna Herbert Freudenberger ya yi rubutu a kan irin ƙonewar da ke samun masu aikin hidimar jama'a. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa idan matsinsa ya daɗe ba a magance ba, ta kuma kawo alamominta 3: ƙarewar ƙarfi, da jin aikin ya fita daga ran mutum har ya riƙa yi masa kallon banza, da raguwar ƙwazo. Malam ko Malama, in kun ga littafin shirin darasi ya zame muku dutse, surutun yara yana sa kanku sarawa, kun kuma fara cewa yaran yanzu duk ba su da amfani, to ƙuduji ya fara fitowa a gonarku.

Masana sun kawo hanyoyi 2 da ke taimakawa. Ta farko ita ce halartar da hankali, wato mutum ya koyi tattara hankalinsa a kan abin da yake ciki a wannan lokaci, ya lura da numfashinsa da jikinsa da abin da ke tasowa a zuciyarsa, ba tare da ya yi saurin yanke hukunci ba. Jon Kabat-Zinn ne ya tsara wannan a matsayin horo na mako 8 a asibitin Jami'ar Massachusetts a 1979, domin masu fama da ciwo mai daɗewa da damuwa. Ta biyu ita ce tausaya wa kai, wadda Kristin Neff ta Jami'ar Texas ta yi bayaninta a 2003. Ta raba ta gida 3: ka yi wa kanka magana mai taushi idan ka kasa, ka tuna cewa kuskure da wahala rabon kowane ɗan Adam ne ba kai kaɗai ba, sannan ka dubi ɓacin ranka yadda yake, kada ka ɓoye shi kada kuma ka kambama shi.

Da na karanta waɗannan sai na yi murmushi, domin kuwa abin da tsohon malaminmu ya gaya mini ke nan a gadon asibiti, shi da bai taɓa taka Amurka ba. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa natsuwa farilla ce a cikin salla. Mun kuma san labarin Salmanul Farisi, da ya tarar da ɗan'uwansa Abu Darda'i ya takura wa kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tunatar da shi cewa kansa da iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. An kuma hore mu da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya kuma yi alwala. 'Yan'uwanmu Kirista da ke nan su ma suna da lokacin addu'a da tunani cikin shiru. Ashe maganin yana cikin gidanmu, gaggawa ce ta hana mu gani.

Ga abubuwa 4 da na jarraba a sauran shekarun aikina, na kuma ga amfaninsu.

Na farko, kafin ka shiga aji, tsaya a bakin ƙofa ka ja numfashi a hankali sau 3, ka tambayi kanka, "Me na ɗauko daga gida?" In bashi ne ko rashin lafiyar iyali, ka san da shi, domin kada wani yaro ya biya abin da bai ci ba.

Na biyu, ka san alamomin fushinka. Ni nawa yakan fara ne da zafi a ƙirji da cije haƙora. Da na ji su sai in ajiye abin da ke hannuna, in zauna, in ce wa yaron ya same ni bayan darasi. Sau da yawa kafin lokacin wutar ta mutu, sai ka ji dalilin da ba ka taɓa zato ba.

Na uku, idan ka yi kuskure, ka yi wa kanka maganar da za ka yi wa amininka in shi ne ya zo maka da irin wannan labari. Ba za ka ce masa shi banza ne ba. Cewa za ka yi, "Ka yi laifi, tashi ka gyara, Allah Mai gafara ne." Wasu na tsoron cewa wannan zai sa mutum ya zama malalaci ko mai kare laifinsa. Ni abin da na gani akasin haka ne: sai da na daina dukan kaina sannan na sami ƙarfin zuciyar zuwa ƙauyen nan neman gafara.

Na huɗu, ka ba jiki haƙƙinsa. Ka ci abinci a zaune, ka sa wa duba takardu iyaka da dare, ka riƙa zuwa awon jini, ka kuma sami aboki ɗaya a ɗakin malamai wanda za ka iya ce wa, "Yau na gaji." Ina tuna wa malamanmu mata wannan musamman, domin su da sun tashi daga makaranta wani aikin ne ke jiran su a gida.

To amma kada wani ya fita daga nan ya ce na ce malami ya ja numfashi ya manta da haƙƙinsa. Natsuwa ba ta sayen buhun taki, ba ta kuma rage yawan yara a aji. A Birtaniya an yi wani babban bincike a makarantun sakandare, da ɗalibai fiye da 8,000, aka fitar da sakamakonsa a 2022. An tarar darussan halartar da hankali ba su fi darussan da aka saba amfani ga ɗaliban ba. Malaman da aka horar sun sami sauƙin gajiya da farko, amma bayan shekara guda bambancin ya dushe. Darasin da na ɗauka shi ne, taki sau ɗaya ba ya riƙe gona har abada, kuma in ana ci gaba da ɗora wa mutum kayan da ya fi ƙarfinsa, dabarar numfashi kaɗai ba za ta cece shi ba.

Malaman da ke aiki yanzu kuma suna ɗauke da wani kaya da mu ba mu ɗauka ba a farkon aikinmu. Duk muna tune da daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a nan maƙwabtanmu. Allah Ya sa an sako su bayan kwana 6, amma duk malamin da ya kwana a makarantar kwana a ƙasar nan bayan wannan rana ya san abin da ake kira kwana da ido ɗaya. Ga shi kuma dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. In za a ƙara wa gona shekarun noma, ai dole a ƙara mata kulawa.

A nan ne aikin ƙungiyarmu ya shigo. Mun yi ƙoƙari wajen fenti da bencina da kyaututtukan ɗalibai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Ina roƙon mu ƙara da abu 3. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu su riƙa zuwa sau ɗaya kowane zango su yi wa malamai awon jini da na sukari kyauta. Mu buɗe asusu na musamman domin malamin da rashin lafiya ko rasuwa ta faɗa wa gidansa. Sannan kowane aji ya ɗauki nauyin ziyartar tsofaffin malamansa, domin akwai waɗanda suka koyar da mu suna nan zaune a zaure, ba su buƙatar komai a wurinmu kamar sallama da gaisuwa.

Daga ƙarshe, iyayenmu malamai, in akwai wanda a cikinku yake ɗauke da irin kayan da na ɗauka, yana tuna wani yaro da ya ɓata wa rai shekaru da dama da suka wuce, to in yaron yana raye a neme shi, in kuma ba hali a yi masa addu'a. Mu da muka zauna a gabanku mun san a cikin wane hali kuka koyar da mu, kuma mun yafe. Mu ma muna roƙon ku yafe mana ƙiriniyarmu.

Allah Ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.