Jawabin Shugabar Mata: Mu Duba Tsofaffinmu Kafin Ruwa Ya Sauka

Iyayena, yayyena da ƙannena matan jam'iyya na Birnin Kudu da Gwaram.

Yau ba maganar kamfen na kawo muku ba. Maganar tsofaffinmu ce, waɗanda suka goya mu, yanzu kuma ƙarfinsu ya ƙare.

Na farko, ɗakin kwanansu. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, yadda gidajen ƙasa suka riƙa zubewa a faɗin Jigawa. Ku lura, a gidajenmu da yawa tsohuwa ita ake bar wa tsohon ɗaki na can ƙarshen gida, amarya a ba ta mai kwano. Idan bango ya jiƙe ya fara tsagewa cikin dare, matashi zai fita da gudu, ita kuwa Iya ƙafa ba ta ɗaukarta, wata ma ba ta ji sosai. Don Allah kowacce ta leƙa ɗakin surukarta da na mahaifiyarta tun yanzu. A yi yaɓe, a gyara indararo, a fitar wa ruwa hanya. In ɗakin ba zai gyaru ba, a mayar da ita wani kafin watan Agusta.

Na biyu, lafiya. Hawan jini ba ya yin sallama. Mutum yana zaune lafiya sai a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye, mu ce iska ce. Awon jini minti kaɗan ne a asibitin mazaɓa. In ya kai 140 a kan 90 ko ya wuce, kuma aka sake aunawa aka samu haka, to sai an bi shawarar ma'aikacin lafiya. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙule a miyarsu, a auna musu suga. Yanar ido kuma ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki, mutum ya koma gani. Ga FMC nan a Birnin Kudu, a je a tambaya, kada a kai su wajen masu tsikarar ido.

Na uku, rikicewar tsufa. Tsohuwar da ta fara mantuwa, tana fita ta ɓata ko tana surutai, ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce. Wallahi alhaki ne mu bar yara suna tsokanarta. Duk mun karanta a Islamiyya abin da Suratul Isra'i ta ce game da iyaye idan tsufa ya riske su.

To ga aikinmu. Shugabannin mata na mazaɓu, daga Wurno, Kiyako da Sundumina har Sara, Kila, Fagam da Basirka, kowacce ta rubuto sunayen tsofaffin da ba su da mai kula da su, da halin ɗakinsu, da ko suna da lambar NIN, domin galibi ana tambayarta wajen rajistar tallafi da inshorar lafiya ta JICHMA. Ku turo min nan da mako biyu, mu kai wa kansiloli da shugabannin ƙananan hukumomi. Kada a tambayi kowa jam'iyyarsa, tsufa bai san jam'iyya ba.

Allah Ya ba mu ikon yi musu, Ya ba mu masu yi mana. Wassalamu alaikum.